IN ALƘALIN WASA YA YI KUSKURE

A ƙasar Amurka akwai wani wasa wanda mutanen can su ke kira ƙwallon ƙafa, ko da ya ke wanda ya saba da irin namu in ya gan shi zai yi mamakin sunan, gama yawancin aikin da hannu a ke yinsa, ƙafa kuwa ba ta taɓa ƙwallon sai jefi-jefi. Ba wasan da ya kai shi farin jini a ƙasar. Jami'o'i suna da filayensa, waɗansu har suna cin mutum fiye da 100,000, kuma akwai ƙungiyoyi 32 na ƙwararru masu cin abinci da shi, a ƙarƙashin hukumar da a ke kira NFL. Abin da ya ja hankalinmu ga wasan nan shi ne alƙalansa, da irin kurakuran da suka yi a bainar jama'a, da kuma abin da mutane suka yi bayan an tabbata kuskure ne.

Kafin mu shiga labarin ya kamata mu bayyana yadda a ke wasan, ko da a taƙaice, domin wanda bai san ƙa'ida ba ba zai gane inda aka karya ta ba. Kowane ɓangare mutum 11 ne. Tsawon fili yadi 100, a kowane ƙarshe kuma akwai wani sarari mai zurfin yadi 10, wanda za mu kira gida. Ƙwallon dogo ne mai tsini a kai da gindi, don ya yi daɗin jifa da runguma. Ɓangaren da ke riƙe da shi ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10, ko ta gudu da shi, ko ta jefa wa ɗan'uwa ya cafe. In sun ci yadi goman sai a sabunta musu yunƙuri huɗu, in kuwa sun kasa sai ƙwallo ya koma hannun abokan karawarsu. Wanda ya kai ƙwallo cikin gidan abokan karawa ya sami maki 6, sa'an nan a ba shi damar ƙara 1 ko 2. Wanda ya ga ba zai iya kaiwa ba yana iya bugawa da ƙafa ta tsakanin dogayen sanduna biyu ya sami maki 3. Shi kuwa mai rarraba ƙwallo, wanda ke tsayawa bayan sahu yana ba da umurni, madugu za mu riƙa ce masa.

Alƙalai bakwai ke tsayawa a wasan ƙwararru, a manyan wasannin jami'o'i kuwa takwas. Suna sa riga mai ratsin fari da baƙi, shugabansu kaɗai ke sa farar hula. Kowannensu yana da usur da ɗan ƙyalle rawaya a ƙugu, wanda ya ke jefawa ƙasa in ya ga laifi. A gefen fili kuma akwai masu riƙe da sarƙa mai tsawon yadi 10, da wani mai riƙe da sanda mai allo a kai, yana juya lamba daga 1 zuwa 4 domin kowa ya san yunƙuri na nawa a ke ciki. Mai karatu zai ce ai da irin wannan shiri ba yadda za a yi lissafi ya ɓace. To, ya sha ɓacewa, kuma biyu daga ciki sun fi sauran shahara, shekara 50 ke tsakaninsu.

YUNƘURI NA BIYAR

Ran 16 ga watan Nuwamba 1940 Jami'ar Cornell ta tafi garin Hanover domin ta kara da Kwalejin Dartmouth. Cornell a lokacin tana cikin manya na ƙasar duka, ta yi wasa 18 a jere ba wanda ya ka da ita. Amma ran nan abin ya ƙi. Har aka kusa tashi Dartmouth ke gaba da maki 3, Cornell ba ta da ko ɗaya. Saura ƙasa da minti guda Cornell ta iso yadi 6 daga gidan Dartmouth. Suka yi gudu da ƙwallo sau uku, suka kai bakin layi ba su shiga ba. Aka ci su tarar yadi 5 sabo da ɓata lokaci, aka mayar da su baya. A yunƙuri na huɗu suka yi jifa, wani ɗan Dartmouth ya doke ƙwallon ya faɗi ƙasa. Bisa ƙa'ida magana ta ƙare ke nan, ƙwallo na Dartmouth ne, su riƙe shi 'yan daƙiƙun da suka rage su tafi gida da nasara. Sai shugaban alƙalai, Red Friesell, mutumin da ya daɗe yana wannan aiki, ya ɗauki ƙwallon ya ajiye wa Cornell, a zatonsa saura musu yunƙuri ɗaya. Suka sake jifa, wannan karon aka cafe a cikin gida, aka tashi Cornell 7, Dartmouth 3.

A zamanin nan ba talabijin a kowane gida, amma makarantu sukan ɗauki wasanninsu a fim domin koyarwa. Da aka wanke fim ɗin aka duba, sai ga yunƙuri biyar ƙiri-ƙiri. Friesell bai tsaya kame-kame ba, ya rubuta wa hukumar da ta aiko shi cewa kuskuren nasa ne shi kaɗai. Hukumar kuwa ba ta da ikon sake sakamakon wasan da aka riga aka tashi. Watau da Cornell ta yi shiru, da nasarar ta zauna mata har abada, ba mai iya ƙwacewa. Amma shugaban jami'ar, Edmund Ezra Day, wanda shi kansa a Dartmouth ya yi karatu, da mai horar da 'yan wasa, Carl Snavely, da shugaban sashen wasanni suka yi shawara, suka buga wa Dartmouth waya cewa sun sallama nasarar. Dartmouth ta karɓa. A littattafan tarihin wasan har gobe abin da ke rubuce shi ne Dartmouth 3, Cornell 0.

Shekara 50 bayan wannan, ran 6 ga watan Oktoba 1990, Jami'ar Colorado ta tafi garin Columbia ta kara da Jami'ar Missouri. Ana gab da tashi Missouri na gaba 31 da 27, Colorado kuwa ta matso bakin gida. A nan sai mu yi bayanin wata dabara: in lokaci yana ƙurewa, madugu yana iya doka ƙwallo da ƙasa da gangan, agogo ya tsaya, amma ya yi asarar yunƙuri ɗaya. Madugun Colorado, Charles Johnson, ya yi haka a yunƙuri na fari. A na biyu Eric Bieniemy ya yi gudu aka tare shi, Colorado ta nemi hutun shawara. Cikin hutun nan ne aka manta ba a juya allo ba, ya tsaya a kan 2. Aka dawo Bieniemy ya sake gudu aka sake tare shi, na uku ke nan, allo kuwa sai yanzu ya koma 3. Johnson ya duba ya ga 3, ya sake doka ƙwallo da ƙasa, alhali na huɗu ne. Sa'an nan ya rungumi ƙwallo ya kutsa da kansa a na biyar, alƙalai suka ɗaga hannu wai ya shiga, ko da ya ke mutanen Missouri har yau suna musun ko ma ya kai layin. Aka tashi Colorado 33, Missouri 31.

Alƙalai bakwai ne a filin, ga masu sarƙa, ga mai allo, ga masu horarwa na ɓangarorin biyu, ba wanda ya tsai da wasan a kan kari. Shugaban alƙalan, J. C. Louderback, malamin lissafi ne a wata makarantar sakandare ta jihar Kansas. Mu da aikinmu ya ke horar da malamai ba mu ga abin dariya a nan ba, domin mun san yadda ƙidayar da yaro ɗan aji ɗaya ke yi ta kan gagari babba in mutum dubbai suna ihu a kansa, agogo kuma yana gudu. Hukumar wasannin yankin ta dakatar da alƙalan, amma ta ce sakamako yana nan yadda ya ke.

Nan da nan 'yan jarida suka tuna wa mai horar da Colorado, Bill McCartney, abin da Cornell ta yi. Shi ma kamar Day, tsohon ɗalibin makarantar da aka zalunta ne, gama a Missouri ya yi karatu. Ya ce ba zai sallama ba, ya koma yana kukan cewa shimfiɗar filin Missouri santsi gare ta, 'yan wasansa sun yi ta zamewa. A ƙarshen shekarar Colorado ta raba sarautar ƙasa da Georgia Tech, ƙuri'ar 'yan jarida ta ba Colorado, ta masu horarwa ta ba Georgia Tech. Da an mayar wa Missouri wasan nan, da wuya Colorado ta ga wannan sarauta. Sai a 1998, bayan ya bar aikin, McCartney ya koma Columbia wajen wani taro ya nuna nadamarsa a gaban jama'a.

Sauƙi ne a yabi Cornell a zargi Colorado, kuma yawancin masu ba da labarin haka su ke yi. Mu dai muna ganin adalci ya bukaci a duba bambancin da ke tsakani. A 1940 Cornell ta yi yunƙurinta huɗu da iyakar ƙarfinta ta kasa, na biyar ɗin kyauta ce tsantsa, kuma in an cire shi ba abin da ya rage na wasan. A 1990 kuwa Johnson ya zubar da yunƙurinsa na huɗu ne domin allon hukuma ya gaya masa na uku ne. Da allon ya nuna gaskiya, ba mahaukacin da zai doka ƙwallo da ƙasa, da ya yi wata dabara, wataƙila ya shiga, wataƙila a tare shi. Kuskuren ya cuci Missouri, amma ya ruɗi Colorado ita ma. Wannan hujja ce mai ƙarfi, kuma da ita McCartney ya tsaya a kai da ba mu ga laifinsa sosai ba. Maganar santsin fili ce ta zubar masa da girma, domin ta nuna mutum yana neman abin da zai rufe bakin mutane da shi.

BAKIN ALƘALAMI YA BUSHE

Dokar wasan jami'o'i ta ce da zarar shugaban alƙalai ya ce an tashi, sakamako ya tabbata. Dalilin dokar a fili ya ke. Kuskuren da aka yi a tsakiyar wasa yana sake duk abin da ya biyo bayansa, ba mai iya warware shi ya ce ga yadda za a ƙare da ba a yi shi ba. In aka buɗe ƙofar ƙara, kowane wanda aka ka da zai zo da fim ɗinsa ran Litinin. Amma dokar ta kan kare har kuskuren da gyaransa ba wuya. Ran 10 ga Satumba 2016 Oklahoma State tana gaban Central Michigan da maki 3, lokaci ya ƙare sarai, sai alƙalai suka ba Central Michigan ƙarin yunƙuri ɗaya sabo da wani laifi, alhali doka ba ta ba da ƙarin yunƙuri a kan irin wannan laifi ba. Da yunƙurin nan suka ci 30 da 27. Tun ran nan aka yarda kuskure ne, aka dakatar da alƙalan wasa biyu. Wannan ya yi kama da na 1940 ƙwarai, gama in an cire yunƙurin ba abin da ya saura. Ba wanda ya buga wa kowa waya.

Ba mu ce mutanen yanzu sun fi na dā mugun hali ba. Abin da ya sake shi ne nauyin da ke kan nasara. A yau mai horar da babbar ƙungiyar jami'a albashinsa miliyoyin daloli ne a shekara, kuma wasa guda yana iya sa a kore shi ko a ƙara masa. Tun 2018 kuma, da Kotun Ƙoli ta Amurka ta soke dokar da ta hana yawancin jihohi halatta caca a kan wasanni, kuɗin mutane masu yawa suna rataye a kan kowane maki. Shugaban jami'ar da zai mayar da nasara yau, ba 'yan wasansa kaɗai zai yi wa bayani ba.

NA'URA TA SHIGO

Tun da talabijin ya soma maimaita hoto a hankali, mai kallo a ɗakinsa ya koma ya fi alƙalin da ke fili gani. Sabo da haka a 1986 hukumar NFL ta soma barin alƙalai su duba hoto su gyara hukunci. Aka yi shekara shida aka daina, domin yana cin lokaci, kuma wani sa'in ma a kan sake hukuncin da ke daidai. Abin da ya taimaka wajen dawo da shi ya faru ran 6 ga Disamba 1998. Madugun New York Jets, Vinny Testaverde, ya kutsa bakin gidan Seattle a yunƙuri na huɗu, aka ka da shi, hular kwanonsa ta ƙetare layi, ƙwallon kuwa yana baya. Alƙali ya ba shi maki 6, Jets ta ci 32 da 31. Seattle ta rasa shiga wasannin sili ɗaya ƙwale na ƙarshen shekara, aka kori mai horar da ita, Dennis Erickson. A 1999 aka dawo da duba hoto, aka ba kowane mai horarwa damar neman a sake dubawa, abin da a yanzu ya ke yi ta hanyar jefa jan ƙyalle.

Da yawa sun zaci rigima ta ƙare, ashe sabon salo za ta ɗauka. Ran 19 ga Janairu 2002, cikin dusar ƙanƙara, Oakland Raiders tana gaban New England Patriots 13 da 10, saura ƙasa da minti biyu. Charles Woodson ya bangaji madugun Patriots, Tom Brady, ƙwallo ya faɗi, ɗan Raiders ya faɗa kansa. A nan akwai ƙa'ida mai muhimmanci: in ƙwallo ya suɓuce wa mai riƙe da shi, na wanda ya riga ɗauka ne, amma in jifa ce aka yi ta faɗi ƙasa, ƙwallo ya mutu, ya koma ga masu shi. Duk wanda ya ga hoton ya ga Brady ya fasa jifa, yana mayar da ƙwallon jikinsa ne aka buge shi. Alƙalin fili ma da fari suɓucewa ya kira shi. Da shugaban alƙalai, Walt Coleman, ya duba hoto sai ya warware hukuncin, domin akwai wata doka ta 1999 da ta ce muddin hannun madugu ya soma tafiya gaba, ko da ya fasa yana jawo ƙwallon, in ya faɗi jifa ce. Patriots ta rama, ta ci 16 da 13 a ƙarin lokaci, ta wuce har ta ɗauki kofin Super Bowl na farko a tarihinta.

Mutanen Oakland sun zagi Coleman shekara da shekaru, amma a ganinmu bai yi kuskure ba. Ya karanta doka kamar yadda aka rubuta ta, ya yi aiki da ita. Dokar ce ta saɓa wa hankali, masu ƙungiyoyi kuwa, waɗanda su suka kafa ta, sai a 2013 suka soke ta, ƙuri'a 29 da 1. Alƙali ya sha jifa a kan laifin masu yin doka har shekara 11.

Akwai kuma inda hoto yana nan, mai duba hoto yana nan, aka bar kuskure ya wuce. A watan Satumba 2006 Oregon ta ci Oklahoma 34 da 33 bayan an ba ta wani ƙwallo da hoto ya nuna ba nata ba ne. Shugaban Jami'ar Oklahoma, David Boren, ya nemi a shafe wasan daga littafi, aka ƙi, aka dai dakatar da alƙalan wasa guda.

Wanda ya fi duka ƙona rai a wasan ƙwararru shi ne na ran 20 ga Janairu 2019 a New Orleans, wasan da zai fid da mai zuwa Super Bowl. New Orleans Saints da Los Angeles Rams suna kunnen doki 20 da 20, saura ƙasa da minti biyu, Saints tana yadi 13 daga gida. Doka ta hana mai tsaron baya ya bangaji mai jiran ƙwallo kafin ƙwallon ya iso. Drew Brees ya yi jifa zuwa ga Tommylee Lewis, ƙwallo yana sama Nickell Robey-Coleman ya zo a guje ya kwashe shi, har hula ta bugi hula, laifi biyu ke nan a lokaci guda. Akwai alƙalai kusa suna kallo, ba wanda ya jefa ƙyalle. Da an jefa, da Saints ta sami sabon yunƙuri huɗu, ta cinye kusan dukan lokacin da ya rage, ta buga ɗan gajeren bugu ta tafi. Da ya ke ba a jefa ba, Rams ta sami lokacin ramawa, ta ci 26 da 23. A lokacin nan irin wannan laifi ba ya cikin abin da a ke duba wa hoto. Shi kansa Robey-Coleman bai musa ba, hukumar ta ci shi tara fiye da dala 26,000 a kan bugun da aka ce a fili ba laifi ba ne, shugaban hukumar, Roger Goodell, kuwa sai da aka yi kwana goma kafin ya fito ya yarda an yi kuskure. Waɗansu 'yan kallo har kotu suka je, kotuna suka kori ƙararrakin.

Cikin zafin abin masu ƙungiyoyi suka kafa doka cewa daga kakar 2019 za a riƙa duba hoto a kan irin wannan laifi. Garin neman gira aka kusa rasa ido. Bangaza iri-iri ce, kusan kowace jifa akwai ɗan taɓa jiki, kuma hoton da aka rage wa sauri ya kan mai da ƙaramin gogayya ya zama kamar babban laifi. Masu dubawa suka riƙa ƙin sake hukunci sai nadiran, masu horarwa suka riƙa asarar jan ƙyallensu a banza, ba wanda ya san ina ma'aunin ya ke. Shekara guda aka yi aka watsar da dokar.

RAN DA AKA RASA SU

Yawancin alƙalan nan suna da sana'arsu ta ainihi, akwai lauyoyi da malamai da 'yan kasuwa, alƙalanci aikin ƙarshen mako ne gare su, ko da ya ke suna cin sa'o'i masu yawa cikin mako suna nazarin hoto da doka. A 2012 suka sami saɓani da hukumar NFL a kan albashi da fansho, hukumar ta rufe musu ƙofa, ta ɗebo waɗansu daga ƙananan wasanni. Mako uku aka yi ana ganin abin mamaki. Daren 24 ga Satumba a Seattle, a yunƙurin ƙarshe, Russell Wilson ya cilla ƙwallo cikin gidan Green Bay Packers. Ɗan Packers, M. D. Jennings, ya tashi ya rungume shi a ƙirji, ɗan Seattle, Golden Tate, ya sa hannu a kai bayan ya ture wani ya faɗi. Alƙalai biyu suka zo suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya ya ɗaga hannu biyu alamar an shiga gida, ɗayan yana kaɗa hannu alamar a tsai da agogo. Aka ba Seattle 14 da 12. Washegari hukumar ta yarda turin da Tate ya yi laifi ne wanda ya isa ya ƙare wasan, amma ta bar sakamakon. Har Shugaba Obama ya sa baki. Kwana biyu bayan wasan aka shirya da tsofaffin alƙalai, kuma da suka fito fili a Baltimore ran 27 ga wata, 'yan kallo, waɗanda aikinsu kullum zagin alƙali ne, suka miƙe tsaye suna tafa musu.

Cikin tsofaffin alƙalan nan da aka dawo da su akwai waɗanda su ma sun taɓa yin nasu kuskuren. Ed Hochuli, lauya ne daga jihar Arizona, a watan Satumba 2008 ya ga ƙwallo ya suɓuce wa madugun Denver, Jay Cutler, ya zaci jifa ce, ya busa usur. Ɗan San Diego ya ɗauki ƙwallon, amma tun da an busa usur doka ta lokacin ba ta bari a ba su ko da hoto ya nuna gaskiya. Denver ta ci 39 da 38. Hochuli ya tafi wurin mai horar da San Diego tun a fili ya gaya masa ya yi kuskure, kuma da wasiƙun zagi suka yi ta zuwa masa ta intanet, ya zauna yana amsa su da kansa yana ba da haƙuri. Hukumar ta rage masa maki a littafin aiki, a shekara mai zuwa kuma aka gyara dokar. Shi ma Bill Leavy, wanda ya shugabanci Super Bowl na Fabrairu 2006 inda Pittsburgh ta ci Seattle 21 da 10, ya tsaya gaban 'yan jaridar Seattle a 2010, ba wanda ya tilasta shi, ya ce ya ɓata hukunci biyu a kashin ƙarshe na wasan kuma abin yana hana shi barci. Wannan bai mayar wa kowa da kofi ba. Amma mun lura, a dukan labaran nan, daga Friesell har zuwa Leavy, alƙalin da ya yi kuskuren ya fi saurin amsa laifi a kan wanda ya ci ribarsa da hukumar da ta aiko shi.

Har yanzu ana ta ƙara na'ura. Ran 26 ga Janairu 2025, a wasan Kansas City da Buffalo, madugun Buffalo, Josh Allen, ya kutsa cikin tarin mutane a yunƙuri na huɗu yana neman abin da bai kai yadi guda ba. Alƙalai biyu suka taho daga gefe biyu, kowanne da inda ya ga ƙwallon ya tsaya, aka ce bai kai ba, hoto kuma bai iya raba gardamar ba domin jikuna sun rufe ƙwallon. Kansas City ta ci 32 da 29. A kakar 2025 hukumar NFL ta soma auna yadi goman da na'urar Hawk-Eye mai kyamarori shida a maimakon sarƙa, aka bar masu sarƙa a gefe don ko ta kwana. Na'urar tana auna tazara daga inda ƙwallo ya ke ajiye, cikin 'yan daƙiƙu, ba tare da an jawo sarƙa tsakiyar fili ba. Ajiye ƙwallon kuwa, watau faɗin inda ya tsaya sa'ad da gwiwar mai riƙe da shi ta taɓa ƙasa a ƙarƙashin ƙarti goma, har yanzu alƙali ne ke yi da idonsa da hannunsa.